Kafin Ki Ce 'Yarki Daƙiƙiya Ce

  Yau ina so mu tattauna a kan wata kalma guda wadda ta yi mana sauƙi a baki, alhali kuwa ta raba yara da yawa da karatu, watau kalmar nan "daƙiƙi".

A ƙarshen kowane zango yara kan dawo gida da katin sakamako, kuma abin da uwa kan fara tambaya shi ne, "Ta nawa kika zo?" In yarinya ta ce ta ɗaya ko ta uku, sai murna, har a leƙa maƙwabta a ba da labari. In kuwa ta ce ta 58 cikin yara 60, sai a hau ta da faɗa, a ce kanta kamar dutse, a ce ta yi gadon wance. Da wuya a sami mai tambayarta abin da ta iya, da abin da ya gagare ta, da lokacin da ya fara gagararta. To, ki tuna da wannan, uwargida: ko da duk 'yan ajin haziƙai ne, tilas ɗaya ta zo ta ƙarshe. Haka kuma a ajin da babu wanda ya iya karanta layi biyu, tilas a sami na ɗaya. Lambar nan wurin da yarinya ta tsaya cikin layi kawai take nunawa, ba ta faɗar abin da ke cikin kanta.

Ke da kike girki kullum kin san wake da shinkafa ba su nuna lokaci ɗaya. Wake kike fara zubawa, ki ba shi wuta, wani lokaci har ki jefa masa 'yar kanwa, sa'an nan shinkafa ta biyo baya. In kika haɗa su tun farko, ko dai shinkafa ta caɓe, ko wake ya fito da gayan-gayan, maigida ya ture kwano. Ba ki taɓa cewa wake daƙiƙi ne ba. Haka nan cikin 'ya'yanki, wani ya yi tafiya yana da wata 10, wani sai da ya kai wata 15, yau ga su duka suna guje-guje ba mai iya bambance su. To, me ya sa in an zo maganar karatu muke so yara 60 ko 100 su nuna a wuta ɗaya, a lokaci ɗaya?

Bari mu leƙa cikin aji mu ga yadda abin ke faruwa. An ba malami manhaja, an ce ga abin da zai koyar a makon farko, ga na mako na biyu, har ƙarshen zango, kuma in sufeto ya zo wannan littafin zai duba. Saboda haka malami yana tafiya ne da saurin manhaja. Yara 'yan kaɗan da ke bencin gaba suna biye da shi, su ne masu ɗaga hannu. Akwai biyu ko uku da suka riga suka wuce wurin, suna zaune suna hamma ko suna tsokanar na kusa da su. Sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, tun tuni aka wuce su. In malami ya ce "Kun gane?" sai duk aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane!" Cikin wannan amsa ta taro ne yarinyar da ba ta gane kome ba take ɓuya.

Ga yadda ramin yake soma haƙuwa. Yarinya tana aji ɗaya, zazzaɓi ko ƙyanda ya kwantar da ita mako uku, daidai lokacin da ake koyar da haɗa baƙi da wasali. Ko kuwa uwarta ta haihu, aka tsayar da ita a gida ta riƙa ɗauke-ɗauke har aka yi suna aka yi arba'in. Da ta koma, aji ya yi gaba, ba wanda ya koma da ita baya. A makarantu da yawa kuwa in shekara ta ƙare duk aji ake ciyarwa gaba. Sai ga ta a aji huɗu, ana ba ta labarin ƙasa da kimiyya, alhali "ba, be, bi" ɗin nan ba ta zauna mata ba. Za ki ga littafinta cike da rubutu mai kyau, domin ta ƙware wajen kwafe abin da ke kan allo kamar mai zanen lalle, amma in kin ce ta karanta miki abin da ta rubuta sai ta sunkuyar da kai. Wannan yarinya ƙwaƙwalwarta lafiya lau. Matakala ɗaya ce ta karye a ƙasa, ake ta cewa ta hau ta biyar.

Matsalar ta daɗe tare da mu. Lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaran da suka cika makarantu sun fi abin da aka yi tanadi dominsa, har aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa. A 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin na ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Duka biyun sun buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa, wannan kuwa abin godiya ne. Sai dai shigar da yaro aji daban, koya masa daban. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ke da kanki kin san yawan yaran da ke ajin 'yarki. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Jama'a, shin yara 9 cikin 10 duk daƙiƙai ne? Haba! Ruwa ba ya tsami banza.

Abin mamaki, maganin yana nan a ƙofar gidanmu tun kaka da kakanni. Dubi makarantar allo. Yara 40 suna zaune gaban malam ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gefe ya yi nisa cikin izu. Ba a wanke wa yaro allo sai ya biya abin da ke kai ya zauna masa. Mai sauri ya yi gaba ba a riƙe shi don ya jira wani, mai nawa kuma ba a ja shi da ƙarfi, sa'an nan manyan ɗalibai suna biya wa ƙanana. Ba ina cewa makarantar allo ba ta da nata gyare-gyare ba, akwai su. Amma a wannan fanni guda, watau fara wa yaro daga inda ya tsaya, ta riga makarantar boko ganewa.

Masana na ƙasashen waje ma da suka yi ta bincike, nan suka dawo. A ƙasar Indiya akwai wata ƙungiya mai suna Pratham wadda ta ga yara suna kai wa aji uku da huɗu ba su iya karatu ba. Sai ta riƙa ɗaukar 'yan mata na cikin unguwa waɗanda suka gama sakandare, ta ba su horo na mako biyu, ana kiran kowacce "balsaki", watau ƙawar yaro. Ita wannan budurwa takan ware yara 15 zuwa 20 da aka bari a baya, ta zauna da su awa biyu kowace rana tana koya musu baƙaƙe da ƙidaya tun daga tushe. Da aka auna abin a biranen Mumbai da Badodara, aka buga sakamakon a 2007, sai aka ga yaran sun ci gaba sosai, kuma waɗanda suka fi kowa rauni su suka fi kowa ƙaruwa. Cikin masu wannan bincike akwai wata mace 'yar asalin Faransa, Esta Duflo, wadda ta sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2019 tare da abokan aikinta biyu.

Daga irin wannan aiki ne aka fitar da hanyar da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Ba ta da wuya. Malami zai zauna da kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, ya ba shi takarda ya ga inda ya tsaya: bai san baƙi ba tukuna, ko ya san baƙi, ko yana karanta kalma, ko gajeren sakin layi, ko cikakken labari. Sa'an nan na awa ɗaya ko biyu a rana a manta da maganar wane aji yaro yake, a haɗa masu mataki ɗaya wuri guda, a koya musu abin da ke gabansu da wasa da tsinke da katin baƙaƙe. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya haye ya koma rukuni na gaba. An gwada wannan hanya a Jihar Barno a 2018, an kuma gwada ta a Kano daga 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da 'yan aji 4 zuwa 6. Ashe ke nan ba labarin wata duniya nake ba ku ba.

Sai dai a nan akwai wani gargaɗi. Waɗansu makarantu sun ji an ce a raba yara, sai suka yi aji A na masu ƙoƙari, B na tsaka-tsaki, C kuwa kowa a makarantar ya san sunan da ake kiransa da shi a ɓoye. Yarinya ta shiga C tun tana aji ɗaya, a nan za ta fita, kuma malamin da ya fi kowa ƙwazo A ake kai shi. A yammacin ƙasar Kenya an yi wani gwaji a makarantu 121, inda aka raba 'yan aji ɗaya gida biyu, a waɗansu makarantun bisa ga abin da yaro ya iya, a waɗansu kuma ba tare da duba wannan ba. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa rabawa bisa ga mataki ta amfani na sama da na ƙasa duka, domin malami ya sami damar yin magana daidai kunnen waɗanda ke gabansa. Amma an lura kuma cewa malaman gwamnati sun fi ba da himma in aka ba su rukunin sama. Kun ga inda gizo ke saƙar. Rabawa tana da amfani in an yi ta don a san inda za a fara wa yaro, in ƙofar haurawa a buɗe take, in kuma malamin kirki aka ba na baya. In an yi ta don a huta da su, to, an yi musu tambari ne a goshi, yaro kuwa in aka daɗe ana kiransa da suna, wata rana zai amsa.

Kada kuma mu manta da haziƙa, domin ita ma ana cutarta. Takan gama aikin minti 30 cikin minti biyar, sai a ce ta kwantar da kai a kan benci, ko a ba ta bulala ta rubuta sunan masu surutu. In ta yi tambayar da ta wuce darasi a ce ta cika rawar kai da iyayi. Da sannu sai ta koyi yin shiru, ta koyi cewa ba sai ta wahala ba za ta zo ta ɗaya, ranar da ta haɗu da karatu mai tauri kuwa sai ta rasa yadda ake daurewa. Gwamnatin Tarayya tana da makarantar haziƙai a Suleja, amma yara nawa za ta ɗauka? Sauran suna nan cikin azuzuwanmu. Abin da irin wannan yarinya ke bukata shi ne aiki mai zurfi da littafin da ya fi na ajinta, ba a ƙara mata lissafi 20 irin waɗanda ta riga ta iya ba.

Akwai kuma yaran da abin da ke damunsu a jiki yake, ba wanda ya duba. Wata ba ta ganin allo daga nesa, kuma saboda tana da tsawo aka ajiye ta a bencin baya. Tabarau kawai take bukata. Wata ciwon kunne ko sanƙarau ya rage mata ji, rabin maganar malami take kamawa, ana cewa ba ta da hankali. Wata da yunwa take zuwa, wata kuma ta kai dare wurin talla, barci take yi a zaune. Bahaguwa ana ta dukan hannunta don ta koma dama, har ta tsani fensir. Akwai kuma wata lalura da likitoci ke kira disleksiya, inda yaro mai wayo da iya magana yake shan wuya wajen haɗa baƙi da sautinsa. Tun a 1896 wani likita a Ingila ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara, amma har yau a wurinmu maganin da aka fi ba irin waɗannan yara shi ne dorina. Ba a taɓa jin bulala ta gyara ido ko ta buɗe kunne ba.

Me ya sa na kawo wannan magana a filin mata? Domin kalmar nan ta fi yi wa 'ya mace illa. Namiji in ya faɗi jarrabawa akan ce ya maimaita, ko a nema masa malamin yamma, ko a sāke masa makaranta. Mace kuwa in ta faɗi sau biyu, sai a ce, "Ai wannan ba ta da kan boko, kada a yi ta asarar kuɗi." Sai faranti ya hau kanta, daga nan sai maganar aure. Hukuncin da zai bi ta har tsufa, ya shafi yadda za ta karanta takardar magani ta kuma duba karatun nata 'ya'yan, an yanke shi ne a kan lamba ɗaya da ke jikin kati. Ga wani abin lura kuma: yarinyar da aka ba sifiri a lissafi, ita ce za ta fita da ƙosai ta dawo da ciniki cif, ba wanda ya isa ya cuce ta a canji. An ma yi bincike a kan yara masu ciniki a kasuwannin Kalkata da Delhi, aka buga a 2025, aka tarar suna yin lissafin kuɗi mai wuya da ka, amma in an rubuta musu irinsa yadda ake yi a makaranta sai ya gagari yawancinsu. Kan yana nan, hanyar shigarsa ce ba a nemo ba.

Na san malamai masu karanta wannan fili za su ce, "Kin faɗi da sauƙi. Yara 90, ba benci, ba littafi, albashi ba ya kai wa tsakiyar wata, ta yaya zan bi kowa ɗaya-ɗaya?" Gaskiyarku ne, kuma nauyin gina azuzuwa da ɗaukar malamai da biyansu a kan kari yana wuyan hukuma, ba za mu daina faɗa ba. Amma yaran da ke aji huɗu bana ba za su iya jira sai an gyara kome ba. Ba a ce malami ya yi darasi 90 ba, rukuni uku ko huɗu ne. Gwajin nan takarda ɗaya yake ci. Dawo da mai raunin ido bencin gaba ba ya cin ko kwabo, haka nan daina karanta makin yara a gaban aji ana yi wa na ƙarshe ihu. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya yi masa aski.

To, ke uwargida, ga naki. In kati ya zo, ajiye maganar lamba tukuna. Zaunar da ita da daddare ba a gaban ƙannenta ba, ki ba ta littafin aji biyu ta karanta miki da ƙarfi, sa'an nan ta gaya miki abin da labarin ya ce. In ke ba ki yi boko ba, wannan ba zai hana ki ba, kunnenki zai gaya miki in tana tafiya ko tana tuntuɓe, ko kuwa ki sa yayarta ko 'yar maƙwabta ta duba miki. Ki lura ko tana kanne ido in tana kallon nesa, ko sai an kira ta sau uku take waiwayowa. In haka ne a kai ta asibiti a duba. Sa'an nan ki nemi izinin maigida ki je makarantar da kanki, ko ku je tare, cikin ladabi ki tambayi malama, "Me ta iya, me ya rage mata, me zan taya ki da shi a gida?" In an kira taron iyaye da malamai kada ki bar wa maza kaɗai, ki je ki nemi a ware awa ɗaya ta komawa tushe. Ki rage mata aikin safe don ta isa a kan lokaci, kada kuma ta fita da ciki wayam. Uwa-uba, ki kiyaye harshenki, ki daina auna ta da 'yar kishiya ko 'yar ɗakin gaba, domin bakin uwa ba abin wasa ba ne.

Ke kuma 'yar makaranta, in kina cikin waɗanda aka wuce, kada kunya ta sa ki riƙa amsa "Mun gane" alhali ba ki gane ba. Sami malama bayan an tashi, ki gaya mata daidai wurin da kika ɓace, ko da abin aji biyu ne. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. In kuwa ke ce Allah ya ba saurin ganewa, ki sani ba da kuɗinki kika saya ba. Daina dariya in ƙawarki ta yi kuskure, daina kuma ba ta littafinki ta kwafa, wannan ba taimako ba ne. Zauna da ita ki nuna mata yadda aka yi, za ki ga ke ma abin ya ƙara zama miki. Ku da kuka gama sakandare kuna zaune a gida kuna jiran sakamako, kun ji abin da takwarorinku suka yi a Indiya da horon mako biyu. Tabarma ɗaya a tsakar gida da yara 10 na unguwa bayan la'asar, ai ba ƙaramin lada ba ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina roƙon malamai mata da iyayen da suka taɓa gwada irin wannan a makarantunsu ko a unguwanninsu su rubuto mana yadda suka yi, domin sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya shirya mana zuriya, ya buɗa musu ƙwaƙwalwa, ya ba mu haƙurin tafiya da kowane ɗaya gwargwadon ƙafarsa, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili, ku huta lafiya.